Sansanin Davisville na Sojan Ruwan Amurka: Me Ake Yi a Cikinsa, Me Ya Sa Aka Rufe Shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun injiniyan gine-gine, kuma a wani darasi an ambaci Davisville a Amurka, wai sansanin gine-gine ne na sojan ruwa da aka rufe. Ni na ɗauka wurin ƙera jiragen yaƙi ne. Wane irin aiki ake yi a irin wannan sansani? Kuma ta yaya ƙasa mai ƙarfin soja kamar Amurka za ta rufe wurin da ya yi mata amfani haka, sannan me aka yi da filin?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce a dunƙule: aikin wurin, dalilin rufe shi, da makomar filin. Mu fara gyara zaton farko, domin sauran bayanin duk a kansa ya rataya. Ba a taɓa ƙera jirgin yaƙi a Davisville ba. Sansani ne na magina masu kaki, wato kafintoci, birkiloli, masu walda, makanikai, masu aikin famfo da lantarki da direbobin katafila, waɗanda rundunar sojan ruwa ke turawa su gina mata filin jirgin sama, matsayar jiragen ruwa, tankunan mai, asibiti da bariki a duk inda yaƙi ya kai ta. A Davisville ake horar da su, a nan ake tara kayan aikinsu, daga nan kuma ake loda su a jirgi. Wurin yana garin North Kingstown a jihar Rhode Island, a bakin mashigin ruwan Narragansett, kusan mil 20 kudu da birnin Providence, maƙale da sansanin jiragen sama na Quonset Point.

Yadda aka kai ga kafa shi

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan kwangila farar hula ne ke yi wa sojan ruwan Amurka gini a ƙasashen waje. A 1941, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, aka ba kamfanin George A. Fuller aikin haɗa kayan gina sansanoni a Sikotilan da Ireland ta Arewa don taimaka wa Ingila. Kamfanin yana kan aikin ginin Quonset Point a lokacin, sai aka yanka masa fili a Davisville, inda layin dogo ya ratsa kuma ruwa ke kusa. Tushen sansanin ke nan: sito da masana'anta, tun ba a yi maganar horar da soja ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne tsibirin Wake na Amurka da ke Tekun Fasifik. A Disamban 1941 Japan ta kama tsibirin, ta tarar da ma'aikatan kwangila fiye da 1,000 suna gini. Dokar yaƙi ba ta ba farar hula damar ɗaukar makami ba. Wanda aka kama da bindiga babu kaki ana iya harbe shi a matsayin ɗan sari-ka-noƙe. Aka kwashe mafi yawansu zuwa sansanonin fursuna, sannan a Oktoban 1943 aka kashe 98 da aka bari a tsibirin. Admiral Ben Moreell, shugaban sashen gine-gine na rundunar, ya nemi izinin kafa bataliyoyin magina a ƙarshen Disamban 1941, aka amince masa a farkon Janairun 1942. A ranar 5 ga Maris 1942 aka ba su sunan Seabees a hukumance, wato "ƙudan zuman teku" da Turanci. Tambarinsu, ƙudan zuma riƙe da bindiga da guduma da sifana, wani ma'aikacin Quonset Point mai suna Frank Iafrate ne ya zana shi.

Ba yara aka ɗiba da farko ba. Ƙwararrun masu sana'a aka kira daga manyan ayyukan dam da tituna da ma'adinai, har masu shekara 50, shi ya sa matsakaicin shekarun rukunin farko ya kai 37. Bataliya ɗaya tana da mutum kusan 1,100. Ba a buƙatar koya musu riƙe guduma, don haka horon ya fi karkata ga harbi, bin umarni, da yin aiki da kayan da runduna ta tsara. Barikin horon da aka buɗe a Davisville a 1942, Camp Endicott, ya yaye mutum fiye da 100,000 kafin yaƙin ya ƙare, daga cikin kimanin 325,000 da suka yi aikin Seabees gaba ɗaya.

Ainihin gwanintar wurin

A matsayinka na ɗalibin injiniya, nan ya kamata ka fi tsayawa. Gwanintar Davisville ita ce mayar da sansani sukutum ya zama kaya a cikin akwatuna, kowane da lambarsa, ta yadda kwamanda zai ce a aiko masa sansani iri kaza, a ɗauko daga sito a loda. Runduna ta yi wa waɗannan ƙunshin sunaye: Lion babban sansanin jiragen ruwa, Cub ƙarami, Oak babban sansanin jiragen sama, Acorn ƙaraminsa. Kowane ƙunshi yana da jerin abin da ke cikinsa, tun daga janareta har ƙusa.

Da tsada aka koyi wannan. Rukunin farko da aka tura tsibirin Bora Bora da ke Tekun Fasifik a farkon 1942 sun isa lafiya, amma an loda jiragensu ba tsari. Tsibirin ba shi da matsayar da babban jirgi zai jingina, kuma kayan da za a haɗa a yi fiton sauran kayan da su suna can ƙasa, an danne su da wasu. Sauke kaya kaɗai ya ci makonni. Ƙa'idar da ta fito daga nan mai sauƙi ce a faɗa: abin da za a fara buƙata a gaɓa shi ake lodawa a ƙarshe, injin da kayan gyaransa su tafi a jirgi ɗaya, kuma kada a zuba duk janaretoci a jirgi guda, don in an nutsar da shi an rasa duka. Har yau a aikin gini na nesa da gari, abin da ya fi tsayar da aiki shi ne kayan sun iso amma a juye, ko an kawo injin an bar wani ƙaramin ɓangarensa a baya.

Abu na farko da ya fito da sunan wurin shi ne ɗakin Quonset, rumfar kwano mai siffar rabin ganga da aka kifa. Injiniyoyin Fuller sun ɗauko tunanin daga ɗakin Nissen na sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka ƙara masa rufin ciki da abin tare zafi da sanyi. Na farkon yana da faɗin ƙafa 16 da tsawon ƙafa 36. Da aka fara zama a ciki sai matsala ta bayyana: tunda lanƙwasar ta taso tun daga ƙasa, gado da kabad ba sa jingina da bango, sai a yi asarar fili a gefe biyu. Aka gyara, aka yi masa miƙaƙƙen bango na ƙafa 4 kafin lanƙwasa ta fara. Wannan ya magance matsalar fili. Daga baya kamfanin Stran-Steel ya karɓi ƙerawar, ya koma cikakkiyar lanƙwasa amma ya faɗaɗa ɗakin zuwa ƙafa 20 da tsawon 48, ta yadda asarar gefe ba ta da wani tasiri. Dabarar Stran-Steel da ta fi burge ni ita ce haƙarƙarin: ƙarfe biyu ne aka haɗa baya da baya, aka bar siririyar tsaga mai lanƙwasa a tsakani. In ka buga ƙusa a tsagar sai ta lanƙwashe ta kama. Wato kafinta da gudumarsa zai rufa kwano a kan ƙarfe, ba sai an huda an ɗaure da noti ba.

Haɗa shi bi da bi ne. A daidaita ƙasa, a shimfiɗa ƙarafan daɓe a dora katako, a tsayar da haƙarƙari a tazarar ƙafa 4, a ɗaure su da ƙarafan da ke bin tsawon ɗakin, a sa rufin ciki, a shimfiɗa abin tare zafi, sannan kwano daga ƙasa zuwa sama, na sama yana hawa kan na ƙasa don kada ruwa ya shiga. Bangon gaba da na baya, masu ƙofa da tagogi, su ne ƙarshe. Mutum goma suna gama ɗaya a yini. Inda ake samun kuskure shi ne daɓen: in bai daidaita ba, haƙarƙari na farko zai ɗan karkace, kuma kafin a kai na ƙarshe kwanon ya daina haɗuwa. Na ƙasashe masu zafi an ƙara musu rumfa ta ƙafa 4 a kowane ƙarshe, aka sa raga a madadin bango. Akwai kuma babba na ajiyar kaya, ƙafa 40 da 100. An ƙera fiye da 150,000 a lokacin yaƙin.

Abu na biyu bai yi suna kamar ɗakin ba, amma a ganina ya fi shi tasiri a fagen daga. Akwatin ƙarfe ne rufaffe mai yawo a kan ruwa, ƙafa 5 da 7 da 5, nauyinsa kusan tan ɗaya. Kyaftin John Laycock ne ya tsara shi, kuma da kwalayen sigari ya fara gwada yadda za a jera su. Ana jera akwatunan a layi, a kama kusurwoyinsu da dogayen ƙarafa masu kwana, a ɗaure. Layuka kuma a haɗa su gefe da gefe. Da akwati iri ɗaya ake yin kwale-kwalen fito, matsayar wucin gadi, dandalin injin ɗaga kaya, har ma da wurin ɗaga ƙaramin jirgi don gyara. A Davisville aka yi gwaje-gwajensa.

Amfaninsa ya fito fili a mamayar Sisili ta Italiya a 1943. Gaɓar can ba ta da zurfi, babban jirgin da ke ɗauko tankokin yaƙi zai dafe yashi tun da sauran tazara mai yawa zuwa tudu. Sai aka haɗa gada mai layi 2, kowane layi akwati 30, tsawonta ƙafa 175. Guda biyu ake haɗawa gefe da gefe a zame ɗaya gaba, a samu tsawon da ya kai kusan ƙafa 350, ko ƙasa da haka gwargwadon buƙata. Jirgin yana tunkarar gaɓa da gudu, yana dafe yashi sai a saki gadar, ƙarfin tafiyar ya ƙarasa da ita tudu. An gwada wannan a ruwan Narragansett a farkon 1943 kafin a kai shi Sisili. A Nomandi ta Faransa a 1944 kuma aka haɗa layi 6 na akwati 30, aka maƙala injuna a baya, ya zama jirgin fito da ke kwaso motoci daga manyan jirage zuwa gaɓa.

Cika da ragewa

Yaƙi na ƙarewa a 1945 aikin ya tsaya cak, aka sallami mutane, wurin ya koma ajiya. A 1951, da yaƙin Koriya ya yi zafi, aka sake buɗe shi a matsayin cibiyar bataliyoyin gini ta ɓangaren Atlantika. Daga nan aka haɗa rukunin da ya tafi Antaktika a 1955 ya gina tashar McMurdo. Zamanin yaƙin Biyetnam wurin ya sake cika maƙil. A 1971 kuma Seabees suka fara gina sansanin Diego Garcia a Tekun Indiya, aikin da ya zo tare da kwashe mutanen tsibiran Chagos daga ƙasarsu, rikicin da ya daɗe yana yawo a kotuna.

Ka lura da wannan hawa da sauka, domin rabin amsar tambayarka ta biyu yana ciki. Irin wannan sansani yaƙi ne ke cika shi. Lokacin zaman lafiya kuwa ba ya samar da komai, amma cin kuɗinsa ba ya tsayawa. Katafilar da aka ajiye a bakin teku ba ta zama yadda aka bar ta. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, roba tana bushewa mai ya fara yoyo, taya tana tsagewa a inda nauyi ya danne ta, batir yana mutuwa, ruwa yana taruwa a tankin gas ya yi dauɗa. Dole a riƙe makanikai suna tayar da injuna lokaci-lokaci, suna canza mai da giris, suna ɗage manyan motoci a kan katako. Ga gyaran rufin sito, ga dumama gine-gine a sanyin Rhode Island, ga masu gadi.

Dalilan rufewa

Sau biyu aka sare shi. A Afrilun 1973, ana janyewa daga Biyetnam, gwamnatin Nixon ta sanar da rage sansanonin sojan ruwa. Rhode Island ta sha kashi fiye da kowa, domin rundunar ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a jihar: aka rufe Quonset Point a 1974, aka kwashe jiragen yaƙin da ke garin Newport na jihar zuwa tashoshin kudu. A shekarar ce Davisville ya rasa bataliyoyinsa, ya koma wurin ajiyar kayan ko-ta-kwana da horar da sojojin wucin gadi. Shekara 20 ya yi a haka.

Sara na biyu ya zo da ƙarewar Yaƙin Cacar Baka. Rufe sansani a Amurka abu ne mai wuya, don kowane ɗan majalisa yana kare na mazaɓarsa. Sai aka ɓullo da tsarin da ake kira BRAC: ma'aikatar tsaro ta kawo jerin wuraren da take son rufewa, kwamiti mai zaman kansa ya tantance, shugaban ƙasa ya karɓi jerin duka ko ya mayar da shi duka, majalisa ma haka, ba ta da ikon cire suna ɗaya. An yi zagaye a 1988, 1991, 1993, 1995 da 2005. Davisville ya faɗa a na 1991, aka rufe shi ranar 1 ga Afrilun 1994.

Me ya sa shi, ba wani ba? Rundunar tana da cibiyoyi uku masu aiki iri ɗaya: Port Hueneme a Kalifoniya mai kallon Fasifik, Gulfport a Misisipi, da Davisville. Biyun ƙarshe duk Atlantika suke yi wa hidima, kuma tun 1974 mutanen suna Gulfport, inda yanayi ke barin a yi atisayen gini kusan duk shekara. Sito ba tare da bataliya ba shi ne mafi sauƙin sadaukarwa. A nawa hukuncin, rufewar ta 1994 tabbatar da abin da aka riga aka yanke a 1974 ne kawai. Akwai masu ganin siyasa ta shiga hukuncin 1973, ganin cewa yankin arewa maso gabas ne ya fi asara yayin da kudu ya samu ƙari. Zance ne da ake yi, amma lissafin kuɗi shi kaɗai ya isa ya bayyana makomar Davisville, don haka ba na jingina bayanina a kan siyasar.

Abin da aka bari a ƙasa

Tun a 1989, kafin rufewa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa Davisville a jerin gurɓatattun wuraren da suka fi buƙatar gyara. Wuri biyu suka fi tsanani. Na farko jujin Allen Harbor, kimanin eka 15 a bakin ruwa, inda daga 1946 zuwa 1972 aka riƙa zuba tarkacen gini, fenti, sinadaran wanke ƙarfe, man taransifoma da asbestos. Na biyu Calf Pasture Point, inda aka binne gwangwanayen wani sinadarin wanke guba, suka ruɓe, abin da ke ciki ya sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wancan zamanin ba a ɗauki hakan laifi ba. Haka kowa ke zubar da shara.

Jujin ba a kwashe shi ba, rufe shi aka yi a ƙarshen shekarun 1990. Ana daidaita saman a ba shi gangara, a shimfiɗa abin da ruwa ba ya ratsawa, a bi da tsakuwa ko yashi mai janye ruwan sama, sannan ƙasa da ciyawa. Gefen teku kuma a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta zaizaye shi. Manufar ita ce hana ruwan sama ratsa sharar ya ɗebo guba. Tonowa ta fi tsada, tana tayar da abin da ya kwanta, kuma sharar dole a kai ta wani wurin.

Na ruwan ƙasa ya fi wuya. Sinadaran wanke ƙarfe masu kulorin sun fi ruwa nauyi. Man fetur in ya zube yana yawo a saman ruwan ƙasa, ana iya zuƙe shi. Waɗannan kuwa nutsewa suke yi har su shige tsagogin dutse, su zauna suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ko ka zuƙe ruwan ka tace, da ka kashe famfo adadin zai sake hawa. Shi ya sa a irin wannan wuri ake haƙa rijiyoyin burtsatse na awo, ana ɗibar ruwa ana aunawa, a kuma rubuta a takardar filin cewa ba a yarda a haƙa rijiyar sha ba. Calf Pasture Point yanzu wurin shaƙatawa ne na garin North Kingstown a bisa wannan sharaɗi. Nauyin gyaran yana kan sojan ruwa har yau, kuma doka ta wajabta a sake duba aikin duk shekara biyar.

Filin a yau

An haɗe filin Davisville da na Quonset Point ya zama unguwar masana'antu ta Quonset, kimanin eka 3,200, a hannun wata hukuma ta jihar. Kamfanoni fiye da 200 ke aiki a ciki, da ma'aikata sama da 10,000. Mafi girmansu Electric Boat ne, wanda tun 1974 yake ƙera sassan jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa a ɓangaren Quonset Point. Wataƙila daga nan zatonka na ƙera jirage ya samo asali, amma wannan kamfani ne, kuma bayan tafiyar soja ya zo. Na tarihi kuwa, akwai gidan adana kayan Seabees da tsofaffin sojojin suka kafa, inda aka mayar da wasu ɗakunan Quonset na Camp Endicott, ga ƙaramin cocin kankare da Seabees suka gina da hannunsu, ga mutum-mutumin ƙudan zuman.

Farfaɗowar ba ta zo da wuri ba. Shekaru filin ya yi yana jiran hanya. Sai a 2006 aka kammala gyaran layin dogo ta yadda dogayen taragun ɗaukar motoci za su wuce ƙarƙashin gadoji, a 2008 kuma aka gama babbar hanyar da ta haɗa wurin da sauran tituna. Bayan nan ne tashar Davisville ta shiga sahun manyan tashoshin shigo da sababbin motoci a Arewacin Amurka, irin su Volkswagen, Audi, Porsche da Subaru. Abin da mai shigo da mota yake nema shi ne matsaya, fili mai faɗi na ajiya, da layin dogo a kusa, wato abubuwan da aka zaɓi wurin dominsu a 1941. Tashar tana da wata riba kuma: tunda ba gwamnatin tarayya ke yashe mashiginta ba, ba a biyan harajin kula da tashoshi da ake biya a wasu wuraren. Gadon soja dai yana da wa'adi. Matsaya ta biyu an gina ta a 1956 da lissafin za ta yi shekara 50, kuma a 2016 sai da masu zaɓe a jihar suka amince da cin bashin dala miliyan 50 don sabunta ta.